Dariba Ta Riga Kuɗin Aiki Isowa: Nazarin Lamarin Wani Ɗan Kwangila a Makka

Kamfanin da wannan nazari ya shafa ƙarami ne. Mu'assasa ce ta mutum ɗaya, rajistarta da sunan wani Bahaushe haifaffen Makka, ɗan ƙasar Saudiyya, shagonsa a wajejen Shari'ul Mansur, da ma'aikata shida da mota ɗaya mai buɗaɗɗen baya. Sana'arsu wanki da gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda a can ake ce wa mukayyif, sana'ar da ba ta rasa kasuwa a garin da zafinsa kan haura digiri 45 a tsakiyar bazara. Ba a ambaci sunan kowa ba, kuɗaɗen kwangilar kuma an dunƙule su ne domin lissafi ya fito fili. Dokokin da ranakunsu kuwa na Saudiyya ne yadda suke.

Cikin kusan shekara uku wannan kamfani bai rasa aiki ba, babu ofishin da ya yi ƙorafi a kan gyaransa, amma sai da mai shi ya wayi gari ba shi da albashin ma'aikata. Abin da ya kai shi ga haka harajin ƙarin ƙima ne, wanda a Najeriya aka fi sani da harajin VAT, mutanen Makka kuma suke ce masa dariba kawai. Ba yawan daribar ce kaɗai ta kayar da shi ba. Ranar da take wajaba ce ta kayar da shi, ita kuwa wannan rana ta danganta da wanda ka sa hannu da shi a takarda: gwamnati ce kai tsaye, ko wani ne da ke tsaye tsakaninka da ita.

Shiga rajista

Dariba ta fara aiki a Saudiyya ranar 1 ga Janairu 2018 a kan kashi 5 cikin ɗari. Wanda cinikinsa na shekara ya haura riyal 375,000 dole ya yi rajista, wanda ya kai 187,500 yana iya yi in ya so. Masu ciniki ƙasa da riyal miliyan ɗaya an ɗaga musu ƙafa zuwa ƙarshen 2018, a cikin wannan rukuni mai kamfaninmu ya shiga. Aka ba shi lambar haraji mai lambobi 15, aka ɗora shi a kan bayar da bayani duk wata uku, tun da bayanin wata-wata na masu cinikin da ya wuce riyal miliyan 40 ne. Bayanin kowane zango na wata uku da biyan kuɗinsa suna da wa'adi ɗaya: ranar ƙarshe ta watan da ke biye. A nan bai yi kuskure ba, sai dai akwai zaɓi ɗaya da bai san da shi ba a lokacin, za mu zo kansa.

Kwangila ta farko: kai tsaye da gwamnati

A farkon 2020, kafin annobar korona ta rufe gari, ya ci kwangilar kula da na'urorin wani ofishin gwamnati ta dandalin Etimad, inda Ma'aikatar Kuɗi ke tattara gasar kwangila da neman biyan kuɗi. Wata 24, riyal 30,000 a wata, jimla 720,000 ban da dariba. Ya ajiye lamunin banki na kashi 5, wato riyal 36,000, kamar yadda Dokar Gasar Kwangila da Sayayyar Gwamnati ta tanada, dokar da sabon zubinta ya fara aiki a Disamba 2019. Kowane wata yana shigar da mustahlas, takardar neman kuɗin aikin da aka gama, tare da fatura, wato takardar da ke nuna kuɗin aiki da daribarsa, ta riyal 31,500.

Ranar 11 ga Mayu 2020 Ministan Kuɗi Muhammad al-Jad'an ya sanar cewa dariba za ta koma kashi 15 daga 1 ga Yuli. Aka fitar da ƙa'idojin riƙon ƙwarya: kwangilar da aka ƙulla da hukumar gwamnati kafin 11 ga Mayu tana iya ci gaba a kan kashi 5 har ta ƙare, ko a sabunta ta, ko a kai 30 ga Yuni 2021, duk wanda ya riga zuwa. Kwangilarsa ta shiga wannan sassauci, shekarar da ta biyo baya kuma ta zo masa da wani sauƙi mai yaudara. Kayan gyaran da yake saye, gas da kwampireso da bututun jan ƙarfe da filta, na kusan riyal 8,000 a wata, yanzu yana biya musu dariba kashi 15, wato 1,200. Wadda yake karɓa daga ofishin 1,500 ce. In an cire wannan daga wancan, abin da ya rage ya kai wa hukumar haraji riyal 300 ne a wata. Mutum ya shekara yana biyan 900 duk wata uku, dole ya ɗauka dariba ba abin tada hankali ba ce.

Yuli 2021 ya zo, sassauci ya ƙare, shi kuwa ya ci gaba da fitar da fatura a kan kashi 5. Sashen kuɗi na ofishin bai ce masa komai ba, ba kuma aikinsu ba ne su ce: doka a kan mai sayarwa ta ɗora nauyin lissafa daribar daidai da kai ta. Sai a ƙarshen shekara, bayan an riga an shigar da bayanin zango na uku, ɗan ƙanwarsa da ya karanta aikin akanta ya buɗe fayil ɗin.

"Kawu, faturar Yuli da kashi biyar ka fitar da ita?"

"Ai tamu tsohuwar kwangila ce, an ce ƙarin bai shafe ta ba."

"An ce haka, Kawu, amma zuwa ƙarshen Yuni aka ce."

Daga nan tambaya ta zama ɗaya: wa zai ɗauki kashi 10 da ya rage? Amsar tana cikin yadda aka rubuta farashi. In takarda ta ce riyal 31,500 ne dunƙule, har da kowane haraji, to daribar ana zaro ta ne daga cikin kuɗin: a ninka 31,500 sau 15 a raba da 115, ya ba da riyal 4,108.70, abin da ya rage wa ɗan kwangila 27,391.30. Asarar riyal 2,608.70 ke nan a wata, a wata takwas da suka rage wa kwangilar ta kusa 20,870. In kuwa an rubuta 30,000 a layinsa, dariba a nata layin, to ƙarin 3,000 a wata na kan mai saye. Allah ya taimake shi, jadawalin farashinsa ya raba su. Sashe na 68 na dokar kwangila ma ya halatta gyara farashi idan an sauya haraji ko kuɗin fito, amma ƙa'idojin aiwatarwa sun nemi a shigar da buƙata da hujjojinta cikin kwana 60, a kuma nuna cewa an biya harajin a sabon mizani. Wanda farashinsa dunƙule ne, ya kuma bar kwana 60 suka wuce yana jiran a kira shi, zai sha wahala kafin ya ga kuɗinsa.

Gyaran ya bi matakai uku. Aka fitar wa kowace fatura takardar ƙarin bashi, ish'ar madin, mai ɗauke da lambar faturar asali da ƙarin 3,000. Aka gyara bayanin zango na uku, domin gibin riyal 9,000 ne, a lokacin kuwa kuskuren da ya kai 5,000 ba a barin sa sai bayani na gaba: ana sanar da hukuma cikin kwana 20 daga ranar da aka gano shi, tarar bayanin da ba daidai ba kuma tana iya kai rabin bambancin. Sannan aka shigar da neman ƙarin ta Etimad. Riyal 9,000 sun fita daga aljihunsa nan take, dawowarsu kuwa sai da ofishin ya nemo ƙarin kaso a kasafinsa, abin da ya ci watanni.

Abin da 1 ga Nuwamba 2021 ya sauya

A ƙa'idar asali, dariba tana wajaba ne a ranar da ta riga zuwa cikin uku: ranar da aka yi aikin, ranar da aka fitar da fatura, ko ranar da aka karɓi kuɗi. A aikin da ake biya kashi-kashi, ranar da kason ya cika wa'adi ita ma tana shiga lissafi. Ma'ana, da ka miƙa fatura dariba ta hau kanka, ko da mustahlas ɗinka zai yi wata huɗu yana yawo tsakanin mai duba aiki da sashen kuɗi da Ma'aikatar Kuɗi. Lokacin kashi 5 ana iya daurewa. A kashi 15, zango ɗaya na wannan kwangila daribarsa 13,500 ce, ko an cire ta kayan gyara saura 9,900.

Hukumar Zakka da Haraji da Kwastam, wadda ake taƙaita sunanta da ZATCA, ta gyara sashe na 20 na ƙa'idojin dariba. Daga 1 ga Nuwamba 2021, abin da aka yi wa hukumar gwamnati a ƙarƙashin kwangilar da ta bi dokar gasar kwangila, daribarsa tana wajaba ne ranar da aka fitar da umarnin biya, amrud daf'i, ko ranar da kuɗi suka shigo, duk wanda ya riga. Gyara ne mai kyau, ya sauke wa masu aiki da gwamnati kai tsaye babban nauyi. Abin lura ɗaya: ranar umarnin biya ce abin dubawa, ba ranar da saƙon banki ya shigo waya ba. Umarnin da ya fita 28 ga Disamba, kuɗinsa suka iso 10 ga Janairu, na zango na huɗu ne, ana biyan daribarsa kafin Janairu ya fita. Don haka duk ƙarshen zango sai an shiga Etimad an rubuto ranakun umarnin biya ɗaya bayan ɗaya kafin a cike bayani.

Mai kamfanin ya ji wannan labari, ya fahimce shi da faɗin da bai kai ba. A ransa, aikin gwamnati ba a biya masa dariba sai gwamnati ta biya. Da wannan fahimta ya sa hannu a kwangila ta biyu.

Kwangila ta biyu: a ƙarƙashin wani

A 2022 wani babban kamfanin kula da gine-gine da ya ci kwangilar wasu gine-ginen gwamnati ya yanko masa ɓangaren na'urorin sanyi. Irin wannan shi ake kira muƙawil minal baɗin, ɗan kwangilar ciki, kuma nan ne ƙananan kamfanonin 'yan'uwanmu suka fi samun shiga, domin manyan kwangiloli suna neman jari da takardun da ƙaramin shago ba shi da su. Riyal 60,000 a wata, da dariba 9,000, jimla 69,000. Yarjejeniyar shafi biyu ce, a cikinta akwai layi ɗaya da ya ce za a biya shi cikin mako biyu bayan gwamnati ta biya babban kamfani.

Ginin na gwamnati ne, na'urorin na gwamnati ne, mai sa hannu a takardar kammala aiki ma'aikacin gwamnati ne. Amma a idon hukumar haraji shi bai sayar wa gwamnati komai ba. Kamfani ya sayar wa kamfani. Sassaucin Nuwamba 2021 bai iso shi ba, yana nan a kan ƙa'idar asali: fatura ta fita, dariba ta hau. Haka abin yake ga wanda ya yi wa kamfani mallakar gwamnati aiki da kwangilar da ba ta bi dokar gasar kwangila ba, sunan gwamnati a jikin gini ba ya wadatarwa.

Ba shi kuma da damar jinkirta faturar. Doka ta ce a fitar da ita kafin 15 ga watan da ke bin watan aikin. Tun 4 ga Disamba 2021 faturar hannu ko wadda aka buga a takardar kwamfuta ta yau da kullum ba ta karɓuwa, sai ta manhajar da ta cika sharuɗɗa, wadda ba a goge abin da ta fitar, sai dai a bi shi da takardar ragi. Mataki na biyu, wanda ya fara 1 ga Janairu 2023 da kamfanonin da cinikinsu ya haura riyal biliyan 3 ya kuma riƙa saukowa rukuni-rukuni, ya ƙara ɗaure abin: faturar kamfani zuwa kamfani sai ta bi ta dandalin Fatoora na hukumar haraji an tantance ta kafin ta isa hannun mai saye. Babban kamfanin ma shi ne kan gaba wajen matsa masa ya kawo fatura kan lokaci, kuma da dalili.

Ga dalilin. Da fatura ta shiga hannunsa, babban kamfani yana cire riyal 9,000 ɗin nan daga daribar da ke kansa a bayaninsa na wannan lokacin, ko bai biya ɗan kwangilar ciki ko sisi ba. Tasa daribar kuwa, wadda zai karɓa daga gwamnati, tana jiran umarnin biya. Ya ci riba ta fuska biyu: ya cire da wuri, ya biya a makare. Ƙaramin kuma ya biya da wuri, ya karɓa a makare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Birki ɗaya da doka ta sa shi ne, wanda ya cire daribar faturar da bai biya ba har wata 12 suka wuce, dole ya mayar da abin da ya cire. Wata 12 kuwa sun isa su rufe shago mai ma'aikata shida. Wannan gibi ne na gaske a tsarin, kuma waɗanda suka fi rauni ne ke faɗawa cikinsa.

Lissafin zango ɗaya: daribar da ke kansa 27,000. Kayan gyara na riyal 15,000 a wata sun ba shi damar cire 6,750. Saura 20,250. A lura da ƙanƙantar abin cirewa. Sana'ar gyara ƙarfinta na hannun ma'aikata ne, albashi kuwa ba shi da dariba, don haka babu abin da za a cire a kansa. Mai sayar da kaya yana da faturar sari da ke rage masa nauyi, mai sayar da gumi ba shi da ita. Wani ɓangare na kayan ma a wurin ƙananan masu shago marasa rajista ake sayo su, ko a karɓo rasit marar lambar haraji, irin wannan kuwa ba a cire komai da shi.

Zango na farko ya biya daga ajiyarsa. Zango na biyu ya zo ba a ba shi ko kuɗin wata ɗaya ba, ga albashi, ga hayar shago, ga kuɗin sabunta iƙamar ma'aikata, wato takardar izinin zamansu a ƙasar. Sai ya yi abin da mutane da yawa ke yi, wanda kuma shi ne mafi muni: tun da ba shi da kuɗin biya, bai shigar da bayanin ba gaba ɗaya. Laifi biyu ne dabam, kowanne da tararsa. Jinkirin biya kashi 5 ne na abin da ba a biya ba a kowane wata ko ɓangaren wata, wato riyal 1,012.50 a kan 20,250. Rashin shigar da bayani kuma tararsa daga kashi 5 zuwa 25 na daribar. Shigar da bayani ba ya cin ko sisi, yana kuma buɗe ƙofar neman biya kashi-kashi. Wanda bai shigar ba ya ƙara wa kansa tara ba tare da ya rage komai ba.

Daga nan abin ya tsallaka zuwa kwangila ta farko, wadda ta riga ta ƙare lafiya. Mustahlas na ƙarshe, wanda a irin wannan kwangila ba ya gaza kashi 5 na jimla, ba a sakin sa sai an kawo takardun shaida masu rai, ciki har da ta zakka da ta inshorar ma'aikata. Takardar zakkarsa wa'adinta ya ƙare, sabuntawa kuma tana neman a share abin da ke kan asusunsa a hukumar. Riyal 36,000 da za su iya kashe bashin suka maƙale saboda bashin. Ba kuma zai shiga sabuwar gasa ba sai da takardar.

Zakkar kanta ta ƙaru ba tare da ya lura ba. Ƙaramin kamfanin da ba ya riƙe cikakkun littattafan akanta ana ƙiyasta masa zakka ne daga cinikin da ya bayyana a bayanan dariba: a raba ciniki gida takwas, a ƙara kashi 15 na cinikin, abin da ya fito a ɗauki kashi 2.5. Cinikin riyal 800,000 ya ba da 100,000 da 120,000, jimla 220,000, zakkarsa 5,500. Faturar da ba a biya ba ita ma ciniki ce a wannan lissafi.

Ɗan'uwa mai kuɗi a hannu

A wannan matsi ne babban ma'aikacinsa, ɗan baffansa mai fasfon Najeriya da ke zaune da iƙama a ƙarƙashin kamfanin, ya ce zai kawo riyal 50,000 da ya tara, a ba shi kashi ɗaya bisa uku na riba, magana ta tsaya tsakaninsu. A al'adarmu babu abin da ya fi wannan sauƙi, zumunci ne da rufin asiri. A dokar Saudiyya kuwa ƙofar tasattur ce, wato baƙo ya yi kasuwanci don kansa a ƙarƙashin sunan ɗan ƙasa. Sabuwar dokar yaƙi da tasattur ta fara aiki a Fabrairu 2021, hukuncinta ya kai ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan 5, wa'adin da aka bayar na gyara matsayi kuma ya rufe 16 ga Fabrairu 2022. Baƙo ya riƙa karɓar rabo daga riba maimakon albashi, ko kuɗin kamfani su riƙa bi ta asusunsa, suna cikin abubuwan da ake kafa hujja da su.

In an bi hanyar da doka ta yarda a lokacin, sai an sauya mu'assasar ta zama kamfanin haɗin gwiwa da lasisin Ma'aikatar Zuba Jari, matsayin haraji kuma ya rabu biyu: rabon ɗan ƙasa yana kan zakka, rabon baƙo yana biyan harajin riba kashi 20, ƙiyasi ya ƙare, sai cikakkun littattafai da bayani cikin kwana 120 bayan ƙarshen shekara. Don gibin riyal 50,000 wannan ya yi yawa. Aka bar maganar, ɗan baffan ya ci gaba a matsayin ma'aikaci mai albashi ta banki.

Warwara

Abin da ya fara buɗe hanya shi ne shirin yafe tara da hukumar ta ƙaddamar 1 ga Yuni 2022, ta kuma tsawaita shi sau da dama. Sharaɗinsa a shigar da duk bayanan da suka makara, a biya asalin daribar ko a nemi biyanta kashi-kashi a kuma kiyaye wa'adi, sai a yafe tarar jinkirin bayani da ta jinkirin biya. Bai shafi tarar kauce wa haraji ba. Mai kamfanin ya sayar da motar kansa, ya biya asalin, takardar shaida ta fito, mustahlas na ƙarshe ya biyo baya, lamunin banki ya dawo.

Sai zaɓin nan da aka ambata tun farko. Sashe na 46 na ƙa'idojin dariba ya ba wanda cinikinsa bai wuce riyal miliyan 5 a shekara ba damar neman a lissafa masa dariba bisa kuɗin da suka shigo hannu, ba bisa fatura ba. A wannan tsari faturar 69,000 da ba a biya ba ba ta jawo komai sai ranar da aka biya ta, in an biya rabi a lissafa rabi. Kishiyarsa, kai ma ba ka cire daribar sayayyarka sai ka biya mai kaya, amma ga mai sayen kayan gyara hannu da hannu wannan ba asara ba ce. Da tun ranar rajista ya nemi wannan, ko kafin ya sa hannu a kwangila ta biyu, da matsin kwangila ta biyu bai faru ba. Ba a ba da shi kai tsaye, sai an nema ta shafin hukuma an amince. Akwai kuma sharaɗin da ya cije shi: wanda aka aika wa sanarwar saɓa dokar dariba cikin wata 12 da suka gabata bai cancanta ba. Jinkirin da rashin tsarin ya jawo shi ne ya rufe masa ƙofar tsarin na tsawon shekara.

Kafin shekarar ta cika aka sake zama da babban kamfani a kan sauran watanni. An nemi abu uku. Na farko, a riƙa biyan kason dariba, riyal 9,000, cikin kwana 30 da karɓar fatura ko gwamnati ta biya ko ba ta biya ba, tun da babban kamfani ya riga ya cire shi a bayaninsa. Sun yarda da wannan. Na biyu, a mayar da ranar cikar wa'adin kowane kaso da fitar faturarsa zuwa 5 ga watan da ke biye maimakon ranar ƙarshe ta watan aiki. Bambancin kwana biyar ne a kalanda, amma kason Maris da ya faɗo 5 ga Afrilu ya koma zango na biyu, wanda ake biya 31 ga Yuli maimakon 30 ga Afrilu. Wannan sai an rubuta shi a yarjejeniya, ba a sauya kwanan wata a jikin fatura ba. Na uku, a nemo amincewar hukumar gwamnatin a rubuce kan kwangilar cikin. Dokar gasar kwangila ta hana ba da aiki ga ɗan ciki ba tare da rubutacciyar yarda ba, ta iyakance abin da hukumar ke amincewa da shi da kanta ga kashi 30 na ƙimar kwangila, ta kuma ba hukuma damar biyan ɗan ciki kai tsaye bisa sharuɗɗa. Wanda sunansa bai shiga takardun hukuma ba ba shi da bakin neman wannan. A kan na ukun babban kamfani ya yi ta jan ƙafa har kwangila ta ƙare.

A cikin gida kuma aka buɗe asusun banki na biyu. Duk kuɗin da ya shigo, a ranar ake zare kashi 15 cikin 115 a tura can, ba a taɓa shi don albashi ko sari. Sayayya ta koma wurin masu rajista kaɗai, kowace fatura da sunan mu'assasa da lambar harajinta, ana adana su shekara shida kamar yadda doka ta nema.

Da kwangila ta biyu ta ƙare, babban kamfani yana riƙe da kuɗin wata uku na farkon rikicin, riyal 207,000, a ciki har da dariba 27,000 da aka riga aka lissafa wa hukuma. Ƙa'idoji sun yarda a dawo da daribar bashin da ya mutu, amma sai wata 12 sun wuce daga ranar aikin, akanta mai lasisi ya shaida an share bashin daga littafi, in kuma ya haura riyal 100,000 sai an nuna cewa an bi hanyar shari'a ba a samu ba. Aka aika wa kamfanin takardar neman biya a rubuce, sannan aka shigar da ƙara ta dandalin Najiz na Ma'aikatar Shari'a, da yarjejeniyar shafi biyu, da faturori uku, da takardun kammala aiki masu sa hannun mai duba gini.